Keke ko Ninƙaya: Wanne Ya Dace da Mai Gudun da Ya Ji Rauni?

Masu shirin gudun fanfalaki na Legas, mai kilomita 42 da ake yi a watan Fabrairu, sun sha tambayata: idan gwiwa ko ƙwauri ya hana mutum gudu, keke zai hau ko ruwa zai shiga don kada ƙarfinsa ya zube?

A wajen kuɗi da sauƙin samu, keke ya yi gaba. Ko aro ka yi, da asuba ka fita. Wurin ninƙaya kuwa sai otal ko filin wasa, kuma kullum sai ka biya. Kada ka ce za ka faɗa kududdufi ko rafi, tsargiya na nan tana jira. Ga sanyin hunturu, daidai lokacin da atisaye ya ɗauki zafi.

Amma wajen hutar da ƙafa, ruwa ba shi da na biyu. A gudu, kowane taku yana ɗora wa ƙafa nauyin jiki ninki 2 zuwa 3. Cikin ruwa iya wuya, kusan kashi 10 cikin 100 kawai take ɗauka. A dai guji harbin kwaɗo, wato salon ninƙaya da ake harba ƙafafu kamar kwaɗo, yana murɗa gwiwa. Keke ma yana da tarkonsa: sirdi in ya yi ƙasa, gaban gwiwa ne zai sha wuya, balle hatsarin titi. Sai dai keke ya fi ninƙaya riƙe ƙarfin cinya.

Mai ɗan ciwon ƙwauri da ke iya taka feda ba zafi, keke ya ishe shi. Wanda ƙashinsa ya tsage, ko takawa ma ke masa wuya, ya nemi ruwa bayan likita ya duba shi.