iSCSI ko NBD: da wanne za ka jawo faifan sabar ta layin umarni?

Malam, ka ce kuna da tsohuwar sabar a ofis mai faifan 2 TB da ke zaune ba aikin fari ba na baƙi, kana so ya bayyana a wata kwamfuta mai Linux tamkar a cikinta aka ɗaura shi, kuma ba ka da komai sai SSH (hanyar shiga sabar daga nesa) da baƙin allon rubuta umarni. Ka tambaya tsakanin iSCSI da NBD wanne ya fi. A ƙarshe ka ƙara da cewa abokin aikinka ma zai riƙa shiga faifan daga tasa kwamfutar. Wannan ƙarin ne ya fi tsaya mini a rai, zan dawo kansa.

Duka biyun ɗanyen faifai suke miƙo maka ta netwok. Ba su san fayil ba, ba su san folda ba. Kwamfutarka ce za ta raba shi kashi-kashi, ta yi masa fomatin da tsarin fayil irin ext4 ko XFS, ta ɗora shi da mount.

NBD shi ne mai sauƙin kai. Pavel Machek ya rubuta shi a 1997, ya daɗe a cikin kanel, wato zuciyar Linux, kuma ƙofarsa ta netwok (port) 10809 ce. A kan sabar layi ɗaya ya isa:

qemu-nbd -f raw -x ajiya -t /dev/sdb

A kwamfutarka kuma:

modprobe nbd
nbd-client 192.168.1.10 -N ajiya /dev/nbd0

Shi ke nan, /dev/nbd0 ya fito. In ka gama sai ka sauke shi da umount, ka yanke da nbd-client -d /dev/nbd0. Kafin shayi ya huce ka gama. Wata baiwar da yake da ita, qemu-nbd na iya buɗe hoton faifai irin qcow2, don haka in wata kwamfutar gaibu (virtual machine, wadda ke aiki a cikin wata kwamfuta) ta ƙi tashi kana son ciro fayil daga cikinta, da shi za ka yi.

iSCSI kuwa babban gida ne, mai zaure da soro. IBM da Cisco suka fara shi a 1998, aka tsayar da ƙa'idarsa a RFC 3720 a 2004, aka sabunta a RFC 7143 a 2014. Umarnin SCSI, yaren da kwamfuta ke magana da faifai, shi yake turawa ta TCP a ƙofa 3260. Wahalarsa tana ɓangaren sabar: za ka shiga targetcli, ka yi rajistar faifan, ka ƙirƙiri suna mai tsawo da ke farawa da iqn, ka haɗa masa LUN (lambar da faifan zai bayyana da ita), ka sa sunan kwamfutarka cikin waɗanda aka yarda su shigo (sunan yana /etc/iscsi/initiatorname.iscsi), sannan saveconfig. Yawancin masu koyo a wajen sunan nan suke tuntuɓe: harafi ɗaya ya kuskure, ƙofa ta ƙi buɗuwa, mutum ya wuni yana zargin wayar netwok. A kwamfutarka, bayan ka saka open-iscsi:

iscsiadm -m discovery -t sendtargets -p 192.168.1.10
iscsiadm -m node --login

Ka duba lsblk, za ka ga sabon faifai kamar /dev/sdc, babu abin da ya bambanta shi da na cikin akwati.

To me ya sa mutum zai sha wannan wahalar? Saboda ranar da netwok ya yanke. Mu da muka san ɗauke wuta, mun san suwic na iya mutuwa na minti ɗaya kafin janareto ya kama. iSCSI yana da haƙuri: yana riƙe rubutun da bai isa ba yana ta neman sabar, har daƙiƙa 120 bisa saitin replacement_timeout da ke iscsid.conf, kuma kana iya ƙara ta. In hanya ta dawo kafin nan, aiki ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. NBD in igiya ta tsinke, sau da yawa kuskuren karatu da rubutu ne zai biyo baya, ext4 ya koma karatu kawai, ka zo kana gyaran faifai da fsck. Akwai zaɓin -persist a nbd-client, amma ni dai ba zan jingina ajiyar ofis a kansa ba. Ga kuma hanya biyu zuwa faifai ɗaya ta multipath, ga Windows da VMware ESXi duk suna jin yaren iSCSI ba tare da an ƙara musu komai ba.

Wajen tsaro kowa da raminsa. CHAP na iSCSI tantance mai shigowa kawai yake yi, bayanan tsirara suke tafiya. NBD yana da TLS mai kulle bayanai a hanya, amma umarnin da na ba ka a sama a buɗe yake ga duk wanda ke netwok ɗin. Tunda ƙofa ɗaya yake amfani da ita, ratsa shi ta ssh -L abu ne mai sauƙi. Ko wanne ka ɗauka, kada ka bar shi ya leƙa intanet, kuma in ka sa LUKS, makullin faifai na Linux, daga ɓangarenka, bayanan a kulle za su bar kwamfutarka.

Gudu kada ya dame ka, wayar netwok ce za ta yanke hukunci. Gigabit zai ba ka kusan 110 MB a daƙiƙa, tsohon suwic mai 100 Mbps kuwa 11 ko 12. 

Ra'ayina: aikin yini ɗaya, kwafe faifai ko ceto fayil, NBD. Abin da zai zauna wata da watanni, iSCSI, ka sa shi a fstab (jerin faifan da ake ɗorawa in an kunna kwamfuta) da UUID, wato lambar shaidarsa, da _netdev mai sa a jira netwok, don sunan sdc yana iya canzawa bayan an sake kunnawa.

Sai maganar abokin aikinka. In ku biyu kuka ɗora faifai ɗaya mai ext4 ko XFS a lokaci guda, za ku lalata shi, ko da wanne kuka jawo shi. Kowace kwamfuta tana riƙe da nata lissafin wuraren da babu kowa a ƙwaƙwalwarta, tana ganin ita kaɗai ce mai gida, sai ta rubuta a inda ɗayar ta riga ta rubuta. Ba nan take za ku gane ba, sai fayil ya fara ɓata. qemu-nbd yana hana mutum na biyu shiga sai ka ba shi izini, iSCSI kuwa duk wanda ka sa sunansa zai bari ya shigo. Tsarin fayil na GFS2 da OCFS2 an yi su don irin wannan, sai dai suna buƙatar a haɗa kwamfutocin su zama gungu, wanda ya fi ƙarfin ofis mai mutum biyu. In dai fayil kuke son rabawa, ka yi wa faifan fomatin a kan sabar kanta, ka fitar da folda ta NFS, mai raba fayil ta netwok, ko Samba in shi Windows yake amfani da ita.