OBS Studio: gwanar naɗar shirin kai tsaye a kwamfuta, amma sai an saita ta tukuna

Tun watan Fabrairun 2025 Facebook ya daina ajiye bidiyon kai tsaye har abada. Kwana 30 ne, sai ya goge. Wanda ya saba cewa zai koma ya kalli tafsirin azumi bayan Sallah, yanzu yana iya komawa ya tarar wayam. Darasin da aka yi ta Zoom kuwa, in mai shirin bai naɗa ba, ya wuce ke nan. Shi ya sa ake yawan neman manhajar da za ta naɗi abin da ke gudana a fuskar kwamfuta, hoto da sauti, ta ajiye shi a fayil. A cikin waɗanda ake samu kyauta babu wadda ta kamo ƙafar OBS Studio. Sai dai ba irin manhajar da ake saukewa saura minti biyar a fara shiri ba ce.

OBS ta samo asali ne a 2012, kuma tana aiki a Windows da macOS da Linux. Ba ta manna tambari a bidiyo, ba ta yanke naɗi don lokaci ya cika, ba ta neman kati ko rajista. Bandicam na kyauta minti 10 kawai yake bayarwa, ga tambarinsa a saman hoto. Xbox Game Bar da ke zuwa da Windows yana da sauƙi, danna maɓallan Windows da Alt da R ne kawai, amma taga ɗaya yake kamawa, kuma saitinsa kaɗan ne. A sauke OBS daga obsproject.com ko Microsoft Store. A guji tallan da ke fitowa a saman sakamakon bincike, domin an sha yin shafukan bogi da sunanta ana cusa wa mutane ƙwayar cuta a kwamfuta.

Da ka buɗe ta karon farko za ta kawo Auto-Configuration Wizard. Zaɓi layin da ke cewa naɗi kawai za ka yi, ba watsa shiri ba. Daga nan sai ka duba akwatin Sources a ƙasa, ka danna alamar ƙari. Display Capture na ɗaukar fuskar kwamfuta gaba ɗaya, duk abin da ya bayyana zai shiga, har saƙon da ya faɗo a gefe. Window Capture na ɗaukar taga ɗaya, misali Chrome, ko da ka ɗora wata tagar a kanta kana wani aiki. Sharaɗinta ɗaya: kada ka sauke tagar ƙasa, in ka yi haka hoton zai daskare ko ya yi baƙi. Ga mai son barin kwamfuta tana naɗi ba tare da ya taɓa ta ba, Display Capture ta fi aminci. A cikin saitin kowacce akwai Capture Cursor, a cire alamar, don kada kibiyar linzami ta zauna a goshin malami tsawon awa biyu. In gefunan burauza sun shigo, riƙe Alt ka ja jan layin da ke kewaye da hoton, zai datse su, sannan Ctrl da F ya cika fili.

Saitin da ya fi kowanne muhimmanci ga mai zama inda ake ɗauke wuta shi ne nau'in fayil. Yana cikin Settings, sashen Output, layin Recording Format. MP4 na gargajiya ba ya rubuta jadawalin abin da ke cikinsa sai a ƙarshe, lokacin da aka danna tsayawa. In wuta ta ɗauke, ko batiri ya mutu, ko kwamfuta ta maƙale kafin nan, za ka ga fayil mai nauyin gigabait biyu amma ba ya buɗuwa. MKV kuwa yana rubutawa yana tafiya, in aka katse shi a minti na 97, abin da ya gabata yana nan. Matsalarsa ita ce wasu manhajojin tace bidiyo da wasu wayoyi ba sa karɓarsa. Maganin yana cikin OBS ɗin: File, sai Remux Recordings, ka nuna mata fayil, ta mayar da shi MP4 cikin ɗan lokaci ba tare da hoton ya ragu ba, domin mazubi kawai ta sauya. Sababbin fitowa daga 30.2 sun zo da Hybrid MP4 da ke jure katsewa, shi ma zaɓi ne mai kyau. Wannan kaɗai ya isa a fifita OBS a kan manhajojin da MP4 na gargajiya kawai suka sani.

Sai batun wanda zai yi aikin matse bidiyon, wato layin Encoder. Zaɓin x264 yana ɗora wa furosesa nauyin duka. A tsohuwar laftof mai Core i5, ga burauza tana nata aikin, za ka ji fanka ta tashi, can ƙasa kuma a rubuta Encoding overloaded, bidiyon ya fito yana tsalle-tsalle. Galibin laftof masu Intel suna da QuickSync, masu katin Nvidia suna da NVENC, na AMD ma suna da nasu. Waɗannan wani sashe ne na daban a cikin injin da aka yi shi don wannan aikin kawai, don haka a zaɓe su in sun bayyana. Don sanin inda ciwon yake, buɗe View, sai Stats. In lambar da ke hawa ta rendering lag ce, katin hoto ne ya gaji, a rage girman hoto ko a kashe samfotin da ke tsakiyar OBS. In ta encoding lag ce, mai matsewar ne ya kasa.

Akwai abin da mutane ke yawan mantawa: OBS ba ta iya ƙara wa hoto kyau. Abin da ido ya gani shi take ɗauka. Laftof mai fuska 1366 da 768 ba za ta ba ka hoto mai tsabtar 1080 na gaskiya ba, ko me ka rubuta a sashen Video. In sabis ya yi rauni YouTube ya sauko zuwa 360, haka zai shiga fayil. In da'irar nan ta tsaya tana juyawa, ita ma za a naɗe ta. Don haka a shiga saitin bidiyon a shafin a kafe shi a 720, kada a bar shi a Auto, a kuma buɗe shi ya cika fuska. Hotuna 30 a daƙiƙa sun wadatar, galibin shirye-shiryen karatu da hira a haka ake watsa su, 60 sai dai ƙarin nauyi. OBS kanta ba ta cin data yayin naɗi, kallon ne ke ci.

Lissafin wuri ba shi da wuya. A 2,500 kbps, wato ma'aunin yawan bayanan da ake rubutawa a fayil kowace daƙiƙa, awa ɗaya na cin kimanin gigabait 1.1, a ƙara megabait 72 na sauti a 160 kbps, ya kama 1.2. Tafsirin awa biyu kullum na kwana 30 zai kai gigabait 72. A 6,000 kbps kuwa awa ɗaya gigabait 2.7 ce, kuma ga mutumin da ke zaune yana magana babu bambancin da ido zai gani. Kada a naɗa kai tsaye cikin filashi mai tsarin FAT32, fayil ba ya wuce gigabait 4 a cikinsa. A naɗa a cikin kwamfuta, a kwashe daga baya.

Baƙin allo shi ne abin da ya fi sa sababbi su goge OBS da fushi, kuma dalilansa ba ɗaya ba ne. A laftof mai katin hoto biyu, Intel da Nvidia, fuskar tana hannun ɗaya, OBS kuma tana gudu a ɗayan, sai ta rasa abin ɗauka. A shiga Settings na Windows, System, Display, Graphics, a nemo OBS a sa ta a Power saving, a rufe a sake buɗewa. In Window Capture ce ta yi baƙi a kan Chrome, a sauya Capture Method zuwa na Windows 10. Na uku kuwa ba lalacewa ba ce. Netflix da Prime Video da makamantansu suna kulle bidiyonsu da tsarin kare haƙƙi irin Widevine da PlayReady, sai ka sami sauti ba hoto. Da gangan aka yi. Naɗar fim daga dandalin da ake biya a raba a WhatsApp cin gumin wasu ne, kuma masu shirya fina-finan Hausa sun daɗe suna kuka da irin wannan satar fasaha. Haka taron Zoom: ba ya sanar da mahalarta cewa wani yana naɗa da OBS, don haka nauyin neman izini yana wuyan mai naɗin.

Sauti ya fi hoto saurin ɓata aiki, domin ba a gane ya lalace sai an gama. A Audio Mixer akwai Desktop Audio da Mic/Aux. Na biyun makirufon laftof ne, in ba a kashe shi ba, ƙarar janareto da hirar ɗaki duk za su hau kan muryar mai magana, har ta riƙa amsa amo. Na farkon kuma duk ƙarar da kwamfuta ta yi yake kwasa, har ƙarar shigowar saƙo, sai a kunna Do not disturb na Windows. Abin da ya fi tsafta shi ne Application Audio Capture, wanda ya zo da fitowa ta 28 a 2022: ka ce sautin Chrome kawai kake so, ka kashe Desktop Audio. Layin awon sauti ya riƙa wasa tsakanin kore da rawaya, in yana zama a ja muryar za ta fashe. Kada a rufe sauti daga cikin shafin bidiyon don gudun damun mutane, fayil zai fito bebe, gara a sa abin kunne mai waya. Na Bluetooth yana iya yankewa a tsakiya, Windows ta koma lasifika, OBS ta ci gaba da sauraron na'urar da ba ta nan.

Inda OBS ta gaza a bayyane yake. An gina ta ne don masu watsa shiri, fuskarta cike take da abubuwan da mai naɗi kawai ba ya buƙata, kuma kalmominta ba sa yi wa baƙo bayani. Ba ta tace bidiyo ko kaɗan, ko yanke minti biyar na farko sai an nemi wata manhaja kamar Shotcut, rage nauyi kuma sai HandBrake. Ba ta da hanyar fara naɗi da kanta a lokacin da aka tsara, wanda ga mai bin shirin da ke zuwa kullum rashi ne babba. Tsayawa ce kawai take iyawa: Tools, sai Output Timer, ka rubuta awa biyu da minti goma, ta rufe fayil da kanta. Kafin a tashi a bar ta, a jona caji, a shiga saitin wuta na Windows a hana kwamfuta barci da kashe fuska, a bar murfin laftof a buɗe, sannan a yi naɗin gwaji na daƙiƙa 30 a buɗe shi a manhajar kallon bidiyo ta VLC a ji da kunne cewa sauti ya shiga.