Firamaren ƙauyenmu: abin da na gani tun da na sa 'ya'yana a cikinta

Duk wanda ya tambaye ni ko ya sa ɗansa a firamaren gwamnati ta ƙauye, ko kuwa ya daure ya riƙa biyan ɗan acaɓa yana kai shi makarantar kuɗi a cikin gari, amsata ita ce ya sa shi a ta ƙauyen, da sharaɗin zai riƙa leƙawa. Ina faɗin haka ne bisa abin da na gani a tamu, a wani ƙauye na jihar Jigawa, inda 'yata take aji huɗu, ƙanenta kuma aji biyu. Lokacin da muke zaune a birni yarinyar ta ɗan taɓa makarantar kuɗi, saboda haka ina da abin kwatantawa. Sunan makarantar da na malamanta zan bar su, domin akwai ƙorafi a cikin maganata, kuma ba tozarta kowa nake nufi ba.

Idan gini mutum zai duba, ba zai sa ɗansa ba. Tsohon ɓangaren tun zamanin UPE ne, shirin firamare kyauta da aka fara a 1976, kuma iyayenmu da yawa a cikinsa suka yi nasu karatun. Daga baya aka ƙara ajujuwa biyu da ofishin hedimasta. Iskar farkon damina ta yaye kwanon wani aji, sai da 'yan ajin suka daɗe suna karatu a gindin darbejiya. Bencin mutum biyu huɗu ke hawa, 'yan aji ɗaya kuwa a kan tabarma da buhu suke zama. Banɗaki shi ne abin da ya fi ci mini rai: ƙofofin sun karye, 'yan mata manya ba sa iya shiga, sai dai su ruga gida, wadda ta tafi kuma ba lallai ta dawo ba a ranar. Abin yabo guda a nan shi ne famfon tuƙa-tuƙa yana aiki, kuma in ya lalace ba a kwana biyu ba a gyara shi ba, saboda rabin unguwar ma a nan suke ɗiban ruwa.

Yaran nan ranarsu doguwa ce. Bayan asuba suna makarantar allo, su dawo su sha koko, su sa yunifom. Da isarsu sai shara, sannan a buga tsohon ƙarfen tayar mota da ke rataye a bishiya, a yi layi, a yi addu'a da taken ƙasa, a duba farce da kai. Idan aka fita tara, bakin makaranta ya cika da masu awara da ɗanwake da rake, da goruba ko magarya in lokacinsu ne. Ana tashi wajen azahar, ran Juma'a da wuri. Bayan la'asar kuma waɗannan ajujuwan dai su ne Islamiyya. Ina son wannan tsari, don ya kashe tsohuwar gardamar boko da allo a garinmu. Liman da kansa jikokinsa suna ciki.

Amma abin da ya sa nake kare makarantar nan a duk inda aka zage ta shi ne karatun aji ɗaya zuwa uku, musamman hannun wata malama guda.

A makarantar kuɗin da 'yata ta fara, ta iya rera waƙoƙin Turanci, ta iya jero haruffa daga farko har ƙarshe, littafinta cike da jan biro na yabo. Amma in ka nuna mata kalma a jikin kwalin ashana sai ta yi shiru. Hadda ce kawai. Da ta zo nan, malamar ta zaunar da ita ita kaɗai, ta gwada ta, ta ce za ta koma rukunin masu koyon sauti tukuna. Haka take yi wa kowa: a aji ɗaya akwai masu koyon baƙi, akwai masu haɗa gaɓa, akwai masu karanta gajeren labari, kowane rukuni da kusurwarsa. Da Hausa take koyarwa. Ta fara da wasula biyar, ta kawo baƙi ɗaya ta faɗi sautinsa, yara su maimaita, su rubuta shi da yatsa a ƙasa, sannan a haɗa: ba, be, bi, bo, bu. Daga nan a ɗauko gaɓa biyu a manna, sai ga kalmar da yaro ya sani tun yana goye. Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, tana ba su lokacinsu daban, haka ma tagwaye irin su sh da ts. Tunda Hausar boko kusan yadda ake faɗinta haka ake rubuta ta, yaron da ya kama sautukan nan ya kama karatu, kuma yana fahimtar abin da ya karanta saboda harshen da yake ji ne a gida. Kafin shekara ta zagayo yarinyar ta fara karanta wa kakarta saƙon waya. Ƙanenta da ya fara a hannun malamar tun daga tushe ma ya fi ta saurin kamawa.

Lissafi ma haka. Babu wasu kayan saye. Karan dawa ne ake yankawa gajeru a ɗaure goma-goma, da marafan kwalba da tsakuwa. Idan za a ɗebe bakwai daga ashirin da uku, yaro da hannunsa zai kwance ɗauri guda ya ga inda aron yake fitowa. Ni a zamaninmu cewa kawai ake yi ka ari ɗaya, ba wanda ya nuna mana daga ina.

Ga gwajin da nake ba kowane uba shawara ya yi a gida. Kada ka ce yaro ya karanta maka littafinsa na aji, don wataƙila ya haddace shi. Rubuta masa jimla biyu sababbi a takarda, irin su aiken da za ka yi masa zuwa shago, ka ba shi ya karanta ya kuma je ya yi aiken. Ɗan aji uku da ya kasa wannan, je ka sami malaminsa tun yanzu.

Daga aji huɗu abin yana sauyawa, kuma a nan ƙorafina yake. Littattafai sun koma Turanci, jarrabawar shiga ƙaramar sakandare ma mafi yawanta da Turanci ce, amma ba a gina wa yaran gadar da za su haye ba. Sai ka ga an cika allo da rubutu, yara suna kwafa har a buga ƙarfe, ba wanda ya fahimci layi ɗaya. Darasin kimiyya ba ya wuce kwafar nan, alhali ga gona ga fadama a bayan aji da za a iya nuna musu tsiro da ƙwari da zaizayar ƙasa. Ba duka laifin malaman ba ne. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma mafi ƙarancin takardar malami ita ce NCE. A nan ajin ɗana ya ninka wannan adadi, kuma akwai ranakun da malami ɗaya ke riƙe aji biyu, ya ba waɗannan aiki ya leƙa waɗancan. Yawancinsu a cikin gari suke zaune, a mashin suke zuwa, da tsadar man nan, kuma in ruwa ya cika hanya da damina sai an ga hali. Na san wannan, ina kuma tausaya musu. Duk da haka akwai wanda zuwansa sai hantsi ya dubi ludayi ko da rani ne, kuma kowa ya san shi. Bulala ma ta yi yawa a manyan ajujuwa. Yaron da ya makara saboda an aike shi ɗiban ruwa, in aka zane shi a bakin ƙofa, gobe in ya ga ya makara sai ya zarce fadama.

Mu iyaye ma muna da namu kason, kuma babba ne. Rajista a cike take, amma je ka ƙirga kawuna ranar da kasuwa ke ci. Da ruwan shuka ya sauka maza sun tafi gona, ga noman firi ga maimai. Da kaka kuma ga yankan riɗi, ga roron gyaɗa, ga ɓarar zoɓo, wanda aiki ne da ke cin hannun yara mata sosai. Zangon farko da ake komawa a watan Satumba yana faɗowa daidai kan wannan lokaci, sai yaro ya rasa makonnin da ake aza tushen shekara. Ni ma manomi ne, na san darajar hannu guda a gona. Abin da na tsayar a gidana shi ne aikin yara a gona sai yamma da Asabar da Lahadi. Ƙungiyar iyaye mata ta makarantar ta yi ƙoƙari a kan talla: suna bi gida-gida, ba da faɗa ba, suna roƙon a bar yarinya ta tashi daga makaranta kafin a ɗora mata faranti. Wasu gidajen sun ji, wasu har yanzu.

Lokacin da shirin ciyarwa na gwamnatin tarayya ke aiki, wanda aka fara a 2016 kan naira 70 kowane yaro, na 'yan aji ɗaya zuwa uku, ajujuwan nan har waje ake zama. Abincin ba yawa, amma yana kawo yara. Da ya daina zuwa, a idonmu aka ga raguwar.

Batun kyauta: dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole. Gaskiya ba a taɓa karɓar kuɗin makaranta a hannuna ba, ba a kuma taɓa koro mini yaro don kuɗi ba. Amma yunifom da takalmi da littafin rubutu da fensir naka ne, ga ɗan abin da ƙungiyar iyaye da malamai ke yankawa na alli da gyare-gyare. Idan aka haɗa duka bai kai kuɗin zango ɗaya na makarantar da muka baro ba.

Abin da makarantar kuɗi ba za ta taɓa ba ni ba shi ne bakin magana. A nan akwai kwamitin kula da makaranta, SBMC, irin wanda shirin ESSPIN mai tallafin Birtaniya ya ƙarfafa a jihohi shida har da tamu. Mai unguwa yana ciki, da liman, da hedimasta, da mata, har da wakilan ɗalibai. Da aka gaji da jiran a zo a gyara rufin nan, a zaman kwamitin aka yanke shawarar gayya. Masu hali suka kawo kwano, kafintan gari ya yi aiki bai karɓi ko sisi ba, matasa suka yi jigilar ƙasa, mata suka dama kunu. A kwamitin ne kuma aka kai maganar malamin da ke makara, cikin mutunci, aka kuma ga ɗan sauyi.

Ranar gasar wasanni kuwa gari gaba ɗaya ke fitowa. An raba yara gida huɗu, ja da kore da shuɗi da rawaya, a yi tsere, da tseren buhu, da jan igiya, da langa, 'yan mata su yi gaɗa. Dagaci yana zaune a rumfa, 'yan kasuwa suna ba da kyautar sabulu da littattafai. Ran 27 ga Mayu, ranar yara, ana zaɓar wasu su je maci a hedikwatar ƙaramar hukuma, kuma ga wasunsu wannan ne karon farko da suka shiga mota suka bar ƙauye. Amma wanda ya fi burge ni shi ne taron ƙarshen shekara. Ana kiran na ɗaya zuwa na uku a kowane aji, sannan malamar nan ta fito da ƙananan yara su karanta labari da Hausa a gaban iyayensu. Na ga dattijon da bai taɓa shiga aji ba yana sauraren jikarsa, washegari ya kawo ƙannenta biyu a rubuta su. Ba wata wayar da kai da ta kai wannan.

Makarantar kuma ita ce zauren garin. A nan ma'aikatan lafiya ke raba maganin tsutsar ciki da na tsargiya, cutar da ke damun yaran da ke wanka a kududdufi. A nan muka jefa ƙuri'a a 2023. Da ambaliyar 2022 ta rushe gidaje a faɗin jihar nan, a cikin waɗannan ajujuwan mutanenmu da dama suka fake, karatu ya tsaya har ruwa ya janye. Benci da yawa a lokacin suka lalace, ba a kuma mayar da su ba.

Wanda ke son ɗansa ya dawo gida yana Turanci tun yana ɗan shekara shida, nan ba wurinsa ba ne. Wanda kuma ba zai sami sukunin duba littafin yaro ko zuwa taron iyaye ba, ya sani daga aji huɗu zuwa shida yaronsa na iya tsayawa cak. Ni na nemi wani matashi mai NCE da bai sami aiki ba, mun haɗu mu iyaye kaɗan muna ba shi ɗan ihsani yana yi wa yaranmu Turanci da daddare a zaure.

Damuwar da ke gabana yanzu ita ce bayan aji shida. Ƙaramar sakandare mafi kusa tana wani gari, tafiyar ƙasa mai nisa, kuma a nan ne mafi yawan 'yan matanmu ke yankewa. Kwamiti ya rubuta takarda yana neman a buɗe ajin sakandare ko guda ɗaya a harabar firamaren, mai unguwa ya ba da fili. 'Yata saura mata shekara biyu, kuma ina cikin waɗanda aka wakilta su riƙa bin takardar.