Strava a wayar mai sassarfa da yake yawan tafiya, ga abin da na gani

In dai kana sassarfa da safe kuma kana yawan barin gari, ko hutu ko aiki ko biki, to ka sauke manhajar Strava a wayarka, ra'ayina ke nan a taƙaice. Ƙirga kilomita kam kowace manhaja tana yi, har agogunan nan masu araha da ake sayarwa a Farm Centre suna yi daidai gwargwado. Abin da ya sa na maƙale mata shi ne ka sauka a garin da ba ka san kowa ba, ka buɗe taswira tun kana ɗakin otal, ta nuna maka titunan da 'yan garin suke bi da ƙafarsu kullum.

Manhajar ta Amurka ce, mutum biyu suka kafa ta a 2009, Mark Gainey da Michael Horvath, kuma da farko masu tseren keke ne suka fi rungumarta kafin masu gudu su cika ta. Yadda abin yake aiki ba wuya, duk wanda ya yi gudu ya ɗora a fili, layin da ya bi yana shiga cikin wata babbar taswira da suke ce wa hitmaf, ni dai taswirar sawu nake ce mata. Titin da mutane da yawa suke bi sai ya yi haske sosai, wanda ba a cika bi ba ya yi dishi-dishi, wanda ba a bi sam ba za ka ga komai a kansa ba. Kamar dai turbar da ƙafa ta fitar a cikin gona, ba wanda ya zana ta amma kana gani ka san nan ake wucewa.

A Jos na fi ganin amfaninta. Na je hutun ƙarshen shekara, masauki na wajen Rayfield, da daddare na duba taswirar sai na ga layi mai haske ya zagaye unguwar ya gangara ta wajen tafkin nan da ya samo asali daga tsohon ramin haƙar kuza, wani layin kuma can gabas ta hanyar Lamingo ya nufi duwatsun Shere. Da asuba bayan sallah na fita, sanyi na ratsa riga biyu, hazo ya kwanta ƙasa-ƙasa har fitilar mashin sai ta matso kake ganinta, mai shayi yana ta fifita wuta, wata motar a-kori-kura ta wuce ni shaƙe da buhunan kabeji da dankalin turawa, ban yi nisa ba na fara cin karo da masu gudu, wasu su biyu wasu gungu, kowa da hular sanyi, ana ɗaga wa juna hannu ba tare da an tsaya ba. Daidai inda taswirar ta yi haske, nan ɗin suke. Wallahi abin ya faranta min rai, don baƙo a gari ba abin da yake so kamar ya ga yana kan hanyar da mutane suke.

Kuma Jos tana da tata wahalar da ya kamata ɗan Kano ya sani kafin ya je. Garin yana sama da teku da kusan mita 1,200, Kano kuwa ba ta kai 500 ba, ga hawa da gangara ko'ina, saboda haka saurin da ka saba yi a titin BUK ko zagayen Race Course ba za ka same shi a can ba, numfashi zai riga ƙafa gajiya. Strava tana nuna maka jimillar hawan da ka yi da zanen tudu da kwari na duk hanyar, to da ka kalli zanen sai hankalinka ya kwanta ka gane tudun ne ya ci lokacin. A nan ma na ƙara fahimtar dalilin da ya sa 'yan Filato, musamman na wajen Pankshin, suke yawan kwashe kyaututtukan 'yan gida a dogon tsere a ƙasar nan. Wanda ya tashi yana hawa waɗannan tuddai ai ba sa'an mu ba ne.

Abuja ba sai na daɗe a kai ba, ko ba manhaja kowa ya san bakin tafkin Jabi ranar Asabar da safe, da Millennium Park, da zagayen babban filin wasa. Abin da ta ƙara min a can shi ne wasu layuka masu inuwa cikin Maitama da ban san ana gudu a cikinsu ba.

Legas kuwa taswirar har ɗaukar ido take yi. Gadar Lekki zuwa Ikoyi, wadda aka buɗe a 2013, tsawonta bai kai kilomita ɗaya da rabi ba amma ita ce matattarar masu gudu, tun duhun asuba mutane suke kai da komowa a kanta, maza da mata, dattawa da matasa, iska na kaɗowa daga ruwa. A kan irin wannan wurin ne za ka gane daɗin abin da suke kira segiment, wato wata gaɓa ta hanya da wani ya yanka ya sa mata suna, duk wanda ya bi ta sai manhajar ta rubuta lokacinsa ta jera shi da na sauran mutane, kai ma in ka sake dawowa bayan shekara za ta gaya maka ko ka ƙara sauri ko ka ragu. Har kambu suke ba wanda ya fi kowa yawan bin gaɓar a cikin kwana 90, ko da ba shi ya fi sauri ba, ni wannan ya burge ni ƙwarai don yana girmama mai naci.

Gasar Lagos City Marathon ce ta kai ni, wadda aka fara a 2016 kuma ake yi a watan Fabrairu. Ni na kilomita 10 na shiga, wanda ya tashi daga ɓangaren Lekki ya ƙare a Eko Atlantic, masu cikakken marathon na kilomita 42.195 kuwa a lokacin daga filin wasa na Surulere suka tashi suka haye gadar Third Mainland mai kusan kilomita 12, gada ba bishiya ba rumfa. Duk ɗan arewa da zai je ya shirya wa laimar iska, don mu a watan nan muna cikin hunturu, iska busasshiya, gumi na fita yana bushewa nan take, can kuwa gumin zama yake a jiki, kafin rabin hanya riga ta manne, kambas ɗinka har wani caɓal-caɓal yake. Ka sha ruwa tun kafin ƙishi ya kama ka, kuma kar ka bari ɗokin taro da kiɗa su ja ka ka fara da gudun da ba naka ba. Manhajar tana iya faɗa maka lokacin kowace kilomita a kunne in ka kunna muryar, wannan ya taimake ni na riƙe kaina a farko.

Wani abu da na ga yana tayar wa mutane hankali bayan tsere, sai ka ji ana cewa wayata ta nuna fiye da kilomita 10, an ƙara mana hanya. Ba haka ba ne. Hanyar gasa da keke ake auna ta, mai na'urar ƙirga juyin taya, kuma ana bin layi mafi gajarta da mutum zai iya bi a kowace kwana, kai kuwa kana kauce wa mutane, kana ratsewa wajen teburin ruwa, kana buɗe kwana, ga GPS ɗin waya da yake ɗan karkacewa a tsakanin dogayen gine-gine, dole lissafinka ya ɗan ɗara. Lokacin da masu shirya gasa suka ba ka shi ne naka na gaskiya, na waya na tarihi ne.

Bayan an gama, da na ɗora gudun, sai manhajar ta haɗa ni da wasu da muka yi tafiya kafaɗa da kafaɗa a hanya, don tana gane waɗanda suka bi wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Cikinsu akwai wani bawan Allah ɗan Ibadan da muka yi ta wuce juna a kilomita biyun ƙarshe, ba mu yi magana ba sai dai kallon ka daure, ya aiko min da kudos, wato jinjinar da ake danna wa juna, na mayar masa, har yau ina ganin gudunsa yana ganin nawa, kuma ta shafinsa na fara sha'awar tseren Okpekpe na jihar Edo, mai kilomita 10 da tuddai, wanda aka fara a 2013. In Allah ya yarda can na nufa gaba.

To amma a ji ni da kyau, taswirar nan sawun masu amfani da manhajar kawai take nunawa, kuma mu a arewa ba mu da yawa a ciki. Kano da Kaduna da Zariya za ka ga layuka nan da can, amma ka shiga ƙananan garuruwa sai ka ga wayam, alhali da asuba samari suna nan suna zagaye filin makarantar firamare ko bakin titin bayan gari, ba su dai ɗorawa ne. Kuma taswira ba ta san unguwar da ake zaman ɗar-ɗar ba, ba ta san inda aka kafa shingen jami'an tsaro jiya ba, ba ta san gidan da yake sakin karnuka da asuba ba ko inda kwata ta buɗe baki a gefen titi. Saboda haka ko ta nuna min hanya sai na tambayi maigadin masauki, Baba wannan titin lafiya ake binsa da sassafe? Amsarsa ita ce ta ƙarshe. Ina roƙon 'yan uwa masu gudu a Katsina, Sakkwato, Gusau, Bauchi, Maraɗi, Damagaram, ku riƙa ɗora naku, ko na kilomita uku ne, baƙon da zai zo garinku gobe da shi zai samu hanya. 'Yan uwa na Nijar akwai Faransanci a ciki, Hausa ce dai babu har yanzu, kuma ina fatan ranar da za a sa ta.

Maganar da ta fi komai muhimmanci a wurina ita ce sirri, don Allah kar wanda ya fara ɗora gudu bai shiga saitin nan ba. Ka tuna layin da kake zanawa daga ƙofar gidanku yake farawa, a ƙofar gidanku yake ƙarewa, kullum a lokaci ɗaya. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya, Nathan Ruser, ya lura cewa wannan taswirar ta fito da siffar sansanonin soja a Siriya da Afghanistan, saboda sojoji suna zagaye cikinsu da agogo a hannu, sannan a 2024 jaridar Le Monde ta Faransa ta nuna yadda ake iya bin diddigin inda shugabanni irin su Macron da Biden suke ta hanyar gudun masu tsaron lafiyarsu. In haka ta faru da masu bindiga ina ga ni da kai, a ƙasar da ake fama da satar mutane. Akwai wurin da za ka ɓoye farko da ƙarshen hanyarka, ka sa adireshin gida ka ɓoye kewayensa, akwai kuma wurin da za ka ce mabiyanka kaɗai za su ga gudunka, kuma sai ka amince kafin mutum ya bi ka. 'Yan uwa mata ku kam wannan wajibi ne, kuma in kina hutu a otal ki bari sai kin bar garin ki ɗora. Akwai Beacon kuma, kyauta ne a waya, yana tura wa mutum har uku saƙo mai ɗauke da mahaɗin da za su riƙa ganin inda kake kai tsaye, ni maiɗakina nake tura wa duk lokacin da zan fita a baƙon gari, hankalinta ya fi kwanciya nawa ma haka.

Batun kuɗi, akwai ta kyauta akwai ta biya wata-wata ko shekara. Tun 2020 suka mayar da zana hanya da kanka da ganin cikakken jerin gwanayen gaɓa ɓangaren masu biya. Ni a ganina mai sassarfa don lafiya da nishaɗi ta kyautar ta ishe shi, za ka yi rikodin, ka ga taswirarka, ka shiga kulob, ka bi abokai, ka leƙa hanyoyin da suka bi a garin da za ka ka kwaikwaya. Wanda yake shirin marathon da gaske ko yake tafiya duk wata, shi ne biyan zai yi wa rana, gara kuɗin ya fara zuwa kan takalmi mai kyau tukuna.

Data ba ta ci sosai, GPS ba ya buƙatar intanet, kana iya kashe data ka yi gudunka in ka dawo inda sabis yake ka ɗora, sai dai Beacon shi dole sai da data. Caji ne abin lura, musamman tsohuwar waya, ka cika ta tun dare, kuma ka shiga saitin batir ka cire manhajar daga cikin waɗanda waya take kashewa in allo ya mutu, don wayoyin Android da yawa suna yin haka, sai ka dawo ka tarar layinka ya yanke a tsakiya. In ka fito daga ɗaki ka ɗan tsaya a fili ta kama sigina kafin ka danna fara, ka samu 'yar jakar ɗamara ta waya ka ɗaura a ƙugu, ta fi riƙewa a hannu nesa ba kusa ba.