Kwat ɗin karammiski da matar shagon Goldhawk

Yaya, kin ga hoton ɗanki cikin doguwar kwat kin tambayi inda muka saya. Ba saye muka yi ba. Wani fim ya kalla ya ga jarumin da kwat ta karammiski, ja mai duhu, ya kafe ita zai sa zuwa Comic Con, taron da ake yi a zauren ExCeL a nan Landan, inda yara da manya ke shigar 'yan fim.

Na tafi titin Goldhawk a Shepherd's Bush, inda shagunan yadi suke jere. Launin da yake so babu, sai dai in sayi fari in rina. Na ɗauki wani mai sheƙi mai sauƙin kuɗi, har na ciro kati, sai matar shagon ta tambaye ni me zan yi da shi. Ina cewa rini ta karɓe shi daga hannuna, ta ce na roba ne, ba zai sha ba. Ta zaro zare ta kai ƙofar shago ta sa masa wuta, ya narke ya dunƙule yana warin leda. Ta ƙona na auduga, ya zama toka mai laushi. Nata na audugar ba zai isa kwat ba, don haka ta nuna mini shagon maƙwabcinta.

Yaya, kuɗina na hannu fa, ta bar su suka tafi wani shago! Ba ta ƙyale ni haka ba ma. Ta ce in rina yadin kafin ɗinki, don zaren keke na roba ne, zai fito fari a jikin ja. Ta shafa yadin sama da ƙasa ta nuna mini yadda launin ke sauyawa, ta ce in an zo yanka gashin ya kwanta gefe ɗaya a kowane ƙyalle, in ba haka ba hannu ɗaya zai fi ɗaya duhu. Dutsen guga kuma kada ya taɓa fuskarsa, sai dai tururi.

A jirgin ƙasa ina ta tuna yadda muke yi a kasuwar Gusau. "Wallahi Hajiya ba ya zuba." Wanki ɗaya ruwa ya rine. Mu da muka san hukuncin algus, me ya sa rantsuwa ta zame mana kayan ciniki? Abin yana ci mini rai.

Rinin bai ba ni wuya ba. Wani maganin rini mai suna Dylon ake jefawa cikin injin wanki, an rubuta a jiki guda ɗaya na rina giram 600, sai ki auna yadinki.

Wajen tela ne kewar gida ta kama ni. Sai an ba ki rana kafin ma a gwada ki, kuɗin da aka faɗa mini kuma ya ninka na yadin. Ba mamaki, a Afrilun 2025 mafi ƙarancin albashin manya a nan ya kai fam 12.21 a awa, balle mai sana'ar hannu. Na sayo takardar yanka na hau keke da kaina, karammiski na ta zamewa, sai da na bi kowane layi da allurar hannu tukuna. Telanmu na Tudun Wada da hoton waya kawai zai kalla ya ɗauki almakashi. Wannan gwanin muke tsayawa muna yi wa tayin wulakanci, shi kuma ya karɓi ɗinkin Sallah fiye da ƙarfinsa, ya dinga ce mana gobe.

Ƙanin ɗanki ya ce shi ma yana son irinta. Zan rina yadin in aiko miki. Ki kai wa telan, abin da ya faɗa ki ba shi kada ki rage ko sisi, amma ya yanke miki rana a gaban mutane. Ki kuma gaya masa zancen gashin nan kafin ya sa almakashi.