Ra'ayina kan ofishin awon da ya yanka mana gonar gado a gefen Dutse

Gonar da mahaifinmu ya bar mana tana wani ƙauye a ƙaramar hukumar Kiyawa, kuma tun da aka buɗe jami'ar tarayya a Dutse a 2011 dillalai suke zarya a kanta. Da magada suka amince a yanka ta fuloti-fuloti, shawarar farko ita ce a kira masu awon igiya su gama cikin yini biyu. Ni na nace a nemi ƙwararre, shi ya sa muka je wani ƙaramin ofishin safiyo da tsara gari a Dutse, wanda wani dattijo da ya yi karatu a Bulgariya zamanin gurguzu yake jagoranta.

Kafin ya yanka ko fuloti ɗaya, sai da ya zagaya gonar sau biyu, ya tambayi dagaci inda ruwa yake bi da damina da inda burtali ya ratsa, sannan ya fitar da hanya, da magudanar ruwa, da filin makaranta, da wurin masallaci. Abin da ya rage shi ne na sayarwa. Baffanmu ya fusata ƙwarai da ya ƙirga fulotan da aka rasa, ya ce: "Injiniya, mun kira ka ka raba mana dukiya ne ko ka yi sadaka da ita?"

Amsar da ya bayar ita ce dalilin wannan rubutu. Ya buɗe kwamfutarsa a zauren dagaci ya nuna mana hotunan biranen Gabashin Turai. A bayaninsa, gwamnatocin gurguzu su ne masu ƙasa kuma su ne magina, saboda haka sukan gina unguwa sukutum da dogayen benaye, su sanya makaranta da asibitin sha-ka-tafi da kanti a inda mutum zai isa da ƙafa, su bar sarari mai bishiyoyi tsakanin gini da gini. Gidajen ƙanana ne, kamanninsu ɗaya, kuma mutum yakan yi shekaru yana jiran layi, amma filin jama'a yana nan. Da tsarin ya rushe tsakanin 1989 da 1991, aka mallaka wa mazauna ɗakunansu, a Rasha ma kyauta, sai ya zamana kowa ya san ƙofarsa amma ba wanda ya ɗauki nauyin rufi da matakala da sararin waje. Nan da nan rumfunan kasuwa da garejin motoci suka mamaye wuraren wasan yara.

Misalin da ya fi kama da namu shi ne Tirana, babban birnin Albaniya. A gefensa akwai Bathore, wadda gonar gwamnati ce a da. Mutanen arewacin ƙasar suka kwararo cikinta a shekarun 1990, kowa ya kafa gida inda ya ga dama, aka wayi gari da unguwa guda ba famfo ba magudana. A tsakiyar birnin kuma an cika gaɓar kogin Lana da gine-gine marasa izini, har sai da Edi Rama, wanda ya zama magajin gari a 2000, ya sa aka rushe su. Dattijon ya ce rusau yana yiwuwa a bakin kogi, amma a unguwar da iyalai suka riga suka zauna, faɗaɗa lungu ɗaya yana nufin cin ɗakin wani. Dagaci ne ya rufe zancen da cewa tun ran gini tun ran zane. Na lura, ko da yake dattijon bai ambata ba, cewa shekarar da Tarayyar Sobiyat ta wargaje, wato 1991, ita ce shekarar da aka ƙirƙiro Jigawa, Dutse ta fara cin gonakin da ke kewaye da ita.

Ta fuskar aiki ba ni da ƙorafi. Taswirar ta fito sarai, an kafa turakun siminti masu lamba a kusurwar kowane fuloti, kuma ya yi mana bayanin dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar mallaka ta gargajiya a karkara, domin kada mu ɗauka takardar dillali ta wadatar.

Inda suka gaza shi ne lokaci da harshe. An yi mana alkawarin makonni shida, aikin ya ci wata huɗu, kuma sau uku ina zuwa ofishin in tarar yaransa sun fita wani awon. Takardun duka da Turanci aka rubuta su, alhali yawancin magadan, musamman iyayenmu mata, ba sa karanta shi. Sai da na zauna na fassara musu sashe-sashe kafin su dangwala hannu. Kuɗinsu ma ya ninka na masu igiya nesa ba kusa ba, don haka wanda gonarsa ba ta wuce fuloti uku ko huɗu ba, zai ji nauyinsa, sai dai in ya haɗa kai da maƙwabtan gonarsa su yi awo guda, wanda hakan ma ya fi, tunda hanya ba ta tsayawa a iyakar gonar mutum ɗaya.

Akwai kuma abin da ofishin ba shi da iko a kai. Filin makarantar yana kan takarda da turaku huɗu kawai, kuma tuni wani ya zo wurin baffanmu yana tambayar ko za a ba shi aron gefensa ya kafa shagon cajin waya. Mun kai kwafin taswirar ga dagaci da sakatariyar ƙaramar hukuma, kuma matasan ƙauyen sun yi alkawarin dasa darbejiya a kan iyakar filin da zarar ruwa ya sauka.