Dubu sittin: teburin poka ko turken akuya?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka tambaya ko ka zuba kuɗinka a poka, wato cacar kati, ko ka sayi akuya. Akuya za ka saya. Dubu sittin ɗin nan da ka tara a noman rani, wadda abokinka yake cewa ka zuba a ƙaramin teburin poka na waya ta riƙa haihuwa, ba za ta haihu a can ba. Hukuncin caca ka san shi tun kana ɗauke da allo, yana nan a Suratul Ma'ida aya ta 90, kuma Shari'ar da Kano da Jigawa suka ƙaddamar a 2000 ta hana. A Nuwamban 2024 ma Kotun Ƙoli ta rushe dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne, don haka babu takardar Abuja da wani zai nuna wa Hisbah. Sai dai masu jan yara cikin harkar suna da maganar da suke fakewa da ita, wai poka ba sa'a ba ce, iyawa ce. To bari mu bi su da nasu lissafin.

Mafi ƙanƙantar tebur a manyan dandalin poka shi ne na santi 1 da santi 2 (santi ɗari ne dala ɗaya). Santi biyun nan shi ne babban zubin dole, wato kuɗin da ake ajiyewa tilas kafin a raba kati, kuma da shi ake auna komai. Mu ɗauki dala a naira 1,500 don lissafi ya zo da sauƙi: zubin dole naira 30 ke nan. Ana zama tebur da ninki ɗari nasa, wato dala 2, naira 3,000. Ƙa'idar da su kansu 'yan wasan suka yarda da ita ita ce kada ka zauna sai kana da kuɗin zama aƙalla sau 20, masu tsantseni ma sukan ce 30 zuwa 50. Dubu sittin ɗinka dala 40 ce, kuɗin zama 20 cif. Ma'ana kana bakin ƙofa, babu rarar ko kwabo, kuma babu wani tebur a ƙasa da za ka sauka idan abu ya ɓaci.

Wanda ake kira gwani a irin wannan tebur, idan yana cin zubin dole 5 a kowane zagaye 100, ana ganin ya yi ƙoƙari. Naira 150 ke nan. Tebur ɗaya na mutum shida yana raba kati kamar sau 70 a awa, sai ya zama gwanin naka yana samun naira ɗari da 'yan kai a awa guda, ido a kan waya, ba sallama ba amsa sallama. Cire data, cire kuɗin mai caji. Yaron da ya bi masu cirar shinkafa da safe ya fi shi komawa gida da kuɗi. Kafin ya cancanci hawa tebur na gaba, na dala 5, sai jarinsa ya kai dala 100, wato sai ya ci dala 60: zagaye 60,000, awa huɗu kullum har wata bakwai, bai taɓa cire ko sisi ya sayi sabulu ba.

Wannan fa gwani ne. Kai sabon shiga ne, kuma akwai mai cin da ba ya faɗuwa: mai dandalin. Kusan duk zagayen da aka kai ga buɗe kati a tsakiyar tebur yana zare la'adarsa, wajen kashi 5 cikin ɗari na kuɗin da aka tara. Ka tura 3,000, abokin karawa ya tura 3,000, mai gida ya ɗauke 300 kafin mai nasara ya taɓa kuɗin. Dillalin kara sau ɗaya yake karɓar la'ada a kan dabba, wannan kuwa naira ɗaya sai ya yanke ta sau goma tana zagaya tebur. Shi ya sa mutum shida masu iyawa ɗaya za su kwana suna wasa, gari ya waye dukkansu aljihu ya ragu.

Sai juyin kati. Katin da ya fi kowane ƙarfi, wato kati biyu masu harafin A, sau ɗaya yake zuwa a rabo 221. Ka same shi, wani ya zo da mai bi masa a ƙarfi, kati biyu masu harafin K, kowa ya tura duk abin da ke gabansa, har yanzu kusan sau ɗaya cikin biyar shi zai kwashe. Ba ka yi kuskure ba, 3,000 ta tafi. Hawa da saukar wasan ya kai matsayin da gwanin can mai cin zubin dole 5 a zagaye 100, bayan zagaye 10,000, wato sati biyar na zama, yakan tarar da kansa a ƙasa da inda ya fara kusan sau uku cikin goma. Sabon shiga da yake zubar da zubin dole 10 a zagaye ɗari, a tsawon wannan lokaci rabin jarinsa ya narke. Kuma ba a hankali yake ƙarewa ba. Mutum ya rasa kuɗin zama uku a dare ɗaya, zuciya ta ɗebe shi, ya haye babban tebur don ya fanshe, kafin kiran assalatu ba komai. Ga sabis irin na ƙauyukanmu: kana riƙe da kati mai kyau intanet ya ɗauke, lokacinka ya cika, na'ura ta fitar da kai daga zagayen, kuɗin da ka zuba ya zama na wani. Gasar da ake shiga da kuɗi kaɗan a ci da yawa ta fi wannan muni, don kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na mahalarta kawai ake biya. Abin da zan iya yaba wa poka ɗaya ne, tana koya wa mutum lissafin yiwuwa, shi ma littafin sakandare yana koyarwa kyauta.

Yanzu zo ka ga wata bakwai a turke. Jar akuyar nan tamu, wadda ake kira ta Sakkwato ko ta Maraɗi, cikinta wata biyar ne, kwana 150 ko kusa da haka. Daga haihuwa ta biyu tagwaye ba baƙon abu ba ne a wurinta, kuma idan tana ƙoshi takan haihu sau uku a shekara biyu. Bunsuru ba sai ka saya ba, na maƙwabta yana nan yana yawo. Ranar da za ta haihu za ka ga hantsa ta cika tam, ta ware kanta tana tono ƙasa da ƙafa tana waige. Bayan awa guda ɗan yana tangaɗi yana laluben nono, ita tana lasarsa tana wani gurnani ƙasa-ƙasa. Ka tabbatar ya sha dakashi a awannin farko, ka goga masa aidin a cibiya. A wata uku ka yaye. Namiji ka ajiye shi don Sallah ko masu suna, mace ta zauna ta zama jari. Ba banza ba gwamnatin Jigawa a zamanin Badaru ta zaɓi awaki ta raba wa mata a matsayin jari. Takin ma da kake sharewa duk safiya gonarka yake komawa.

Kada ka kashe kuɗin duka a kan dabba. Ware kamar dubu goma zuwa sha biyu na abinci da magani, sauran ka shiga kasuwa da shi, Maigatari ran Alhamis ko Wudil ran Juma'a, ko ta kusa da ku idan kuɗin mota zai cinye ribar. Idan farashin ranar ya ba ka 'yan budurwa biyu, sun fi babba ɗaya, don akuya ɗaya ita ma zubi ɗaya ce: tana iya mutuwa, ana iya kwance ta da dare. Buɗe bakinta. Manyan haƙora biyu a tsakiyar ƙasa na nufin ta shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ita kake nema. Takwas da suka soma zaizayewa, ta ga jiya. Ja fatar ido ta ƙasa: ja-ja lafiya, fari fat tsutsar ciki ta sha jininta. Duba ƙarƙashin wutsiya ko akwai busasshen zawo, hanci ko akwai majina, leɓe ko akwai ƙuraje, sannan ka shafa hantsa, kan nono biyu, babu ƙulli.

Ka kawo ta gida, ka ɗaure ta daban sati biyu kafin ta haɗu da na gida. Abin da ya fi kashe awaki a yankinmu shi ne annobar nan ta zawo da majina da ciwon baki da likitoci ke kira PPR, tana iya share garke cikin kwana goma. Rigakafinta ana yin sa a cibiyar Vom ta jihar Filato, allura ɗaya tana kare dabba shekara uku. Nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, kuma ka ga ya fito da ita daga cikin ƙanƙara, don zafi yana lalata allurar. Maganin tsutsa farkon damina da ƙarshenta, amma albendazol ba a ba mai sabon ciki. Harawar wake da ta gyaɗa ka saya da kaka tana araha ka ɗora a rumfa, don a watan Afrilu da Mayu kuɗinta sai ka riƙe baki. Dusa tafi ɗaya ko biyu a rana ta isa, da ɗan gishiri ko kanwa. Ka bari ta afka wa buhun hatsi, kumburin ciki zai kashe ta kafin la'asar. Leda kuma ka tsince ta daga tsakar gida, akuyar da ke ramewa tana ci sau da yawa leda ce cunkushe a tumbinta. Da shuka ta fito sai turke, in ba haka ba ribar shekara ta tafi a biyan ɓarna gaban mai unguwa.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi 'yan damfara ta kowane ɓangare. A poka akwai masu kiran kansu ejan a Telegram da WhatsApp, ka tura musu naira su zuba maka maki a wani kulob. Ranar da ka ce za ka cire, lambar ta daina shiga, kuma ba ka da inda za ka kai ƙara don kai ma a kan laifi kake. Wasu teburan mutum uku ne abokan juna suna gaya wa juna katinsu, kai ne naman. Mai sayar da "sirrin cin poka" kuwa, da sirrin yana ci da bai tsaya neman dubu biyunka ba. A kara kuma akwai mai ɗura wa akuya gishiri da ruwa da asuba, ciki ya tashi, ya rantse maka cikin wata uku gare ta. Kada ka biya kuɗin ciki sai hantsa ta nuna. Wadda aka karya wa farashi ƙwarai, mai ita yana ta waige-waige, ta sata ce, kuma a hannunka za a kama ta. Ka tafi da dattijon da ya san dabba, ka saya ta hannun dillalin da aka sani a kasuwar, ka karɓi rasit kafin ka kama igiya.